Hodar maganin tumatir na toshe min bakin injin feshi

Ɗan Kadawa:
Assalamu alaikum manyanmu. Bana ne karon farko da na riƙe gonar tumatir ni kaɗai, rabin kadada ta noman rani. Ganye ya fara yin baƙin ɗigo, na sayo maganin cutar ganye da ake kira mancozeb, hodar nan mai ruwan ɗorawa. Na juye hodar a tankina mai lita 16, na cika da ruwa. Ban gama kunya uku ba bakin ya toshe. Da na buɗe sai ga magani ya kwanta a gindin tanki kamar ƙullu. Jabu aka sayar min ne?

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Yaro, maganinka lafiyarsa ƙalau. Dubi ledar, za ka ga 80 WP. Kashi 80 cikin 100 shi ne ainihin maganin, WP kuma hoda ce da ba ta narkewa, yawo kawai take cikin ruwa. Ka taɓa ganin gasara a kwano? Ka bar ta minti kaɗan, ta zauna. To haka ne.

Ka fara dama shi a ƙaramin bokiti da ruwa kaɗan, da sanda, har gudajin su mutu. Ka zuba ruwa rabin tanki, ka tace damun ta rariyar bakin tanki, sannan ka cika. Kana tafiya kana girgiza bayanka. In ba haka ba kunyoyin farko su sha mai kauri, na ƙarshe su sha ruwa zalla, ka dawo nan kana zagin kamfani.

In ya sake toshewa, kada ka busa da baki. Na ga masu yi, raina na ɓaci.

Mai Shago a Kura:
Baba ya gama magana. Ƙarin da zan yi: maganin da aka rubuta SP ko SG a ledarsa narkewa yake kamar sukari, irin emamectin da ake yi wa tsutsar masara. WG ko WDG 'yan ƙwayoyi ne da ke warwatsewa a ruwa, ba sa tashi su shiga hanci lokacin awo, amma su ma a girgiza. Wanda aka rubuta harafin G kawai, mai kamar tsakuwa, ba ya shiga tanki sam, a ƙasa ake barbaɗa shi. Akwai kuma hodar da ba ta feshi ba ce: Apron Star na wankin iri ne kafin shuka. Hodar Actellic kuwa ta ajiyar hatsi ce.

Sai ƙwayar Phostoxin ta kashe ƙwarin hatsi. Da ta ji danshi take sakin iska mai kisa, don Allah kada a sa ta a buhun wake a ɗakin da ake kwana.

Ɗan Kadawa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yau da sassafe na dama a bokiti, tanki huɗu ko tari bai yi ba. Sai dai bokitin na Inna ne, ta ce in biya ta sabo, wancan ya zama na gona.