Neman taimako: lissafin na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa ya cije min

Assalamu alaikum, malamai. Ɗalibin kimiyya ne ni a Fot Sudan, ina zana ƙaramar na'urar nutso mai sake tace numfashi. A takarda kawai, ba zan shiga Bahar Maliya da ita ba.

Soda laim, sinadarin da aka saba tace numfashi da shi, yana tsotse CO2 (iskar da jiki ke fitarwa a numfashi), amma ba ya ba da iskar oksijin, dole a goya tukunyar oksijin. Shi ya sa na koma kan wani garin sinadari mai suna KO2 (potassium superoxide): duk CO2 2 da ya sha, yana sakin O2 (oksijin) 3. To, nan na maƙale. Hakan ya fi abin da jiki ke ƙonawa, ga shi zallar oksijin takan jawo farfaɗiya idan an wuce mita 6. Kuma ruwa na taɓa garin nan sai zafi, har wuta.

Yaya ake rage rarar oksijin ɗin, a kuma tsare garin daga ruwa? Allah ya saka da alheri.