Shirya samfurin kabonet kafin auna aisotof

Da ma'aikatan ɗakin gwaji suka tattauna batun shirya samfurin kabonet kafin auna aisotof (wato nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi), bakinsu ya zo ɗaya kan cewa a fara tantance ma'adinin da na'urar XRD, mai gane nau'in ma'adini ta hanyar hasken X-ray. Dalili kuwa, ma'adinan kabonet irin kalsait, aragonait da dolomait kowanne da yadda asid ke cinsa, dolomait kuwa shi ya fi jinkiri.

Wajen niƙa, a yi amfani da turmin aget (wani dutse mai tauri) mai tsabta, a bi a hankali, domin zafin na'urar huda yana iya mayar da aragonait kalsait. A busar da garin a wajen digiri 50.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne wanke samfuri da bilic ko haidurojin feroksaid don cire ragowar halittu. Wankin kansa yana iya sauya sakamakon aisotof ɗin oksijin. Ni ina tare da masu cewa in ragowar ba yawa, a bar samfurin yadda yake.

Asid ɗin fosforik da ake narkar da samfurin da shi, wanda masanin kimiyya McCrea ya kafa hanyarsa a 1950, kada ya sha ruwa ko kaɗan. A rufe kwalbarsa gam, zafi kada ya riƙa hawa da sauka, kuma kowane zagayen awo a haɗa da ma'auni, wato samfurin da aka riga aka san sakamakonsa, irin kalsait ɗin da ake kira IAEA-603.