Jinina ya sauka tun da aka canza min magani, in daina sha?

Daga wata 'yar uwa, an ɓoye suna:
Assalamu alaikum. Shekara huɗu ina kan maganin HIV lafiya lau. Wata uku da suka wuce aka ce awon ƙodata bai yi kyau ba, aka cire min tenofovir aka sa zidovudine, ina haɗawa da lamivudine da dolutegravir. Yanzu ko shara na yi sai haki, jiri kuwa ba a magana. Jiya na yi PCV, wato awon yawan jini, 22 ne. Yayata ta ce in ajiye maganin in koma maltina da madara da maganin ƙarin jini. Meye shawara?

Wani likita:
Wa'alaikumus salam. Baiwar Allah, kada ki ajiye maganin da kanki, kada kuma ki jira ranar da aka rubuta miki. Gobe da sassafe ki koma asibitin da kike karɓa, da takardar awon a hannu. PCV 22 wajen 7 ke nan a ma'aunin hemoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, alhali mace marar ciki bai kamata ta gaza 12 ba. Zidovudine yana danne ɓargo, inda jiki ke ƙera jini, kuma ya fi nuna wannan hali a wata uku zuwa shida na farko. Shi ya sa ba a barin mai hemoglobin ƙasa da 8 a kansa. Gyaran shi ne a musanya shi kaɗai, galibi da abacavir tunda ƙodarki ba ta son tenofovir, sauran biyun su ci gaba. In kika watsar da duka, ƙwayar cutar za ta ƙaru, ita ma cin jini take yi, kuma tana iya daina jin magani. Idan kina haki kina zaune, ko ƙafa ta kumbura, ko kin yanke jiki kin faɗi, to yau za ki tafi, don mai yiwuwa sai an yi ƙarin jini.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Allah ya ba ki lafiya 'yar uwa. Kada a ɗora wa zidovudine laifin duka ba a bincika ba. Ki nemi cikakken awon jini, ba PCV kawai ba, don yana nuna girman ƙwayoyin jinin: zidovudine yana sa su girma, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma ya sa su ƙanƙance. A duba maleriya, a duba bayan gida saboda tsutsar ciki, a sake awon ƙoda, domin ƙodar ce ke fitar da sinadarin da ke zaburar da ɓargo. Ki faɗa musu yawan jinin al'adarki ba kunya, da ko kina shan Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma yana rage wa wasu jini. Tari, gumin dare ko rama, a yi miki gwajin tarin fuka.

Mai harhaɗa magunguna:
Maganar maganin ƙarin jini nan ake yawan yin ɓarna. Ƙarfen da ke cikinsa yana kama dolutegravir a hanji ya hana shi shiga jiki, mutum na shan magani kullum amma ba ya aiki yadda ya kamata. Ƙa'idar ita ce ki sha dolutegravir, bayan awa 2 ki sha na ƙarfen. In kuwa na ƙarfen kika fara sha, sai bayan awa 6. Ana iya haɗa su lokaci ɗaya, amma tare da abinci. Farin maganin gyambon ciki na ruwan nan kuwa, tazarar dole ce ko da abinci. Kuma kada ki saya a kemis sai awo ya nuna ƙarfen ne ya gaza. In ɓargo ne aka danne, ko kwalba goma kika sha jinin ba zai motsa ba. In an rubuta miki, ƙwayar ferrous sulphate mai 200mg ce aka saba bayarwa. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne. Ban da kora ta da shayi, yana hana ƙarfen shiga. Ruwa ko lemo ya fi. Ana ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya dawo daidai.

Wata Hajiya mai ba da shawarar abinci:
'Yata, maltina da madara sukari ne da ƙoshi, ƙarfen cikinsu bai taka kara ya karya ba. Kuɗin gara ki sayi hanta, kifi, wake, zogale da alayyahu, ki matsa lemon tsami a kai. Amma jinin da ya kai 22 abinci kaɗai ba ya ɗaga shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Likita, in an canza, yaushe zan ji sauƙi?

Likita:
In zidovudine ne sanadi, cikin 'yan makonni jinin ke fara hawa. A maimaita awo bayan mako biyu zuwa huɗu. In bai motsa ba, akwai wani dalilin da ba a gano ba, a ci gaba da nema. Ki kuma tambaye su ko an gwada ki ciwon hanta nau'in B kafin a cire tenofovir, domin shi ke danne wannan ciwon ma, cire shi na iya tayar da hantar. Ki tafi da kwalaben duk abin da kike sha, har na gargajiya.