Idon yayana ya yi ɗorawa bayan ya fara maganin TB, ciwon shawara ne ko maganin ne?

Maman Hanif:
Salam jama'a don Allah a taimaka mun. Yayana ne, muna wani ƙauye bayan Ringim, shekara 3 yana karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki lafiya lau har gona yake zuwa, to wata ɗaya da ya wuce aka ce yana da tarin TB aka ƙara masa wani maganin, yau kwana 4 kenan idonsa ya yi ruwan ɗorawa ga tashin zuciya ko kunu baya iya sha. Inna ta ce shawara ce ta jiƙa masa sassaƙe, ni dai wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Ɗan Gumel:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikacin lafiya ne, ki kai shi asibiti yau ɗin nan kar ki jira ranar karɓar magani. Wata 2 na farko magani kala 4 ake haɗawa, uku a ciki, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, duk suna iya taɓa hanta, ga na HIV a kai, hanta ɗaya ce ke aikinsu gaba ɗaya. Za a ɗebi jini a duba hantar, likita ne zai ce wanne za a dakatar. Ki zuba duk abin da yake sha a leda ki tafi da shi har jiƙon Inna, kuma a daina ba shi jiƙon, a lallaɓa ta dai, don ƙauna ta yi.

Baban Sadiya:
Amma malam ai ni da na sha na TB fitsarina ja ya koma kuma ba abin da ya same ni

Ɗan Gumel:
Wannan daban baba, rifampicin ne ke rina fitsari ba komai. Amma farin ido ya canza kala ga amai, wannan hanta ce. Maman Hanif na manta, kar ya ajiye na HIV da kansa, in yana da ciwon hanta nau'in B tenofovir da lamivudine ɗin da ke cikin ƙwayar maganin HIV ɗin su ke danne shi, ana tsayarwa zai iya tasowa da ƙarfi. Sai farasitamol na kemis, shi ma kar ya ƙara sha sai an gan shi.

Maman Hanif:
Innalillahi ai kullum sai ya sha farasitamol ɗin saboda ciwon jiki. Na gode malam Allah ya saka da alheri, na kira mai mashin yanzu zamu tafi.