Dami bakwai a mafarki: muhawarar da ta tashi a zauren ikilisiya, ƙasar Sumaila

Ɗan Kwaya: Salama gare ku. Abin da aka yi min ranar Lahadi ya ci min rai. Na yi mafarkin damin dawa bakwai tsaye a gonarmu, bayan sujada na ce bakwai lambar cika ce, bana za a samu amfani. Sai wani dattijo ya ce a gaban mutane wai wannan Maguzanci ne. Ina nan kan bakana: kowace lamba tana da tsayayyar ma'ana a Littafi Mai Tsarki. 7 cika, 12 jama'ar Allah, 40 gwaji, don Yesu ya yi azumin kwana 40 a jeji. Mai ja ya fito.

Malamin Lahadi: Ɗan'uwa, buɗe Littafin Farawa sura ta 41. A mafarki Fir'auna ya ga shanu bakwai masu ƙiba, ya kuma ga bakwai ramammu. Na farko ƙoshi, na biyu yunwa. A sura ta 40 mai ba Fir'auna abin sha ya ga rassa uku a mafarki, mai yi masa tuya ya ga kwanduna uku. Duk kwana uku ne, amma ɗaya ya koma bakin aikinsa, ɗaya aka rataye shi. Lambar nan, lokaci kawai ta ƙirga, ba ta ce alheri ko sharri ba.

Uwar Zumunta: Ku dakata tukuna. Wane ne ya ce Maguzanci? Ya zama abin zagi ke nan? Kakana Bamaguje ne, har ya rasu bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Shi dattijon daga sama ya faɗo?

Dattijo: Ni na faɗa, kuma ban janye ba. Ba kakanki na zaga ba, Mama. Hanyar boka nake nufi. Littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ya hana duba.

Uwar Zumunta: To ku ce bokanci mana, Baba. Boka daban, Bamaguje daban. Musulmi ma suna zuwa wurin boka, masu zuwa coci ma ba a rasa ba.

Mai Babur: Gaskiya Mama! A kasuwa a kira mu Maguzawa, a coci ma a kira mu? Ina za mu sa kanmu?

Ɗan Zariya: Ni fa sunan bai dame ni ba. Hausawa ne na asali, wa ya fi su Hausa?

Mai Babur: Kai da kake makaranta a birni ba za ka gane ba. Zo ka zauna a ƙauye.

Malamin Lahadi: Jama'a, zancen lamba fa muke. Yusufu da kansa, wanda ya fassara mafarkan nan, ya ce fassara ta Allah ce, Farawa 40:8.

Ɗan Zariya: Malam, a faɗi gaskiya. Samarin da ke tambayar ma'anar lamba, caca suke kai ta. A ga bakwai da dare, da safe a buga bakwai.

Ɗan Kwaya: Ni kake kira ɗan caca? Fara kawo kuɗin rigunan mawaƙan kwaya da ke hannunka tun Kirsimeti.

Ɗan Zariya: Suna wajen tela. Tambayi Mama.

Uwar Zumunta: Kada a sa ni a ciki. Ni telan mata na sani.

Dattijo: Yaro, wanda ya wuni yana noma dawa, me zai gani a barci in ba dami ba?

Mai Babur: Ai annabi Yowel ya ce tsofaffi ne za su yi mafarkai. Kishi ne kawai, don yaro ya riga su.

Sakatare: Na rufe haka, dare ya yi. Ga abin da aka tsayar. Baba Dattijo bai zagi kowa ba, gyara ya yi, kuma kowa ya ga haka. An yarda lamba ba ta da wani amfani a mafarki. Matasa su rage baki a gaban manya. Zancen kuɗin riguna a kawo shi ranar Laraba bayan addu'a.

Malamin Lahadi: Sakatare, ban ce ba ta da amfani ba. Da Yusufu bai ƙirga bakwai ɗin nan ba, da yunwa ta gama da Masar.

Uwar Zumunta: Wa ya yarda? Ai Baba kawunka ne.