Baƙin tabo a hoton MRI: ƙwayar da aka dasa ce, ko ƙarfenta kawai?

Ɗalibar Likitanci: Salamu alaikum. Ni a ganina an gama da matsalar bin sawun ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halittar jiki masu iya rikiɗewa zuwa wasu nau'o'in, da ake dasawa a ƙwaƙwalwar mai shanyewar ɓarin jiki. Ana ciyar da su ƙananan ɓurɓushin ƙarfe mai amsa maganaɗisu, sai MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, ya nuna su baƙi ƙirin duk inda suka dosa. Tun 2002 Mathias Hoehn da abokan aikinsa a Kolon ta Jamus suka dasa irinsu a lafiyayyen ɓarin ƙwaƙwalwar ɓera, aka gan su sun tsallaka zuwa ɓarin da ya lalace. Me kuma ya rage?

Mai Hoton MRI: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da ya rage shi ne babba. Na'urata ƙarfe take gani, ba rai ba. Idan ƙwayar ta mutu, ƙwayoyin garkuwar jiki masu share gawa, wato makrofej, sukan haɗiye ta har da ƙarfen cikinta, su yi zamansu a wurin. Tabon nan na nan makonni, alhali mai shi ta daɗe da mutuwa. Rigar mamaci ce ka gani a jikin magajinsa. Ga kuma jini: idan jijiya ta ɗan fashe, ko allurar dashen ta ji wa nama ciwo, tsohon jinin ma baƙi yake fitowa a hoton nan, don shi ma ƙarfe ne a cikinsa.

Ɗalibar Likitanci: To Yaya, ai an yi a jikin mutum. A 2006 likitocin Shanghai sun bi sawun irin ƙwayoyin nan a ƙwaƙwalwar majiyyaci.

Likitan Jijiya: An yi, amma wanda ya ji rauni a ka ne, ba mai shanyewa ba. Sai dai ba zan yarda a wofintar da dabarar ba, Malam. A kwanakin farko tana amsa tambayar da ke hana likita barci: shin allurar ta sauka inda aka nufa? Idan ta jijiyar hannu aka ba da ƙwayoyin, akasarinsu a huhu suke maƙalewa. Gara mu ga hakan da idonmu.

Mai Hoton MRI: A kan kwanakin farko ba mu da jayayya, Likita. Bayan nan ne nake tsoro. Ƙwaya mai rai tana rabuwa, ƙarfenta na raguwa, tabonta na dusashewa. Matacciya kuwa nata na iya daɗewa. Ka ga hoton zai iya ba ka labari a juye.

Hajiya Famasi: Ku tuna da maganin kansa. Feridex, ruwan ɓurɓushin ƙarfen da aka yi yawancin binciken farko da shi, an daina sarrafa shi. Ferumoxytol da ake komawa gare shi yanzu, don ƙarancin jini aka amince da shi a Amurka a 2009, kuma a 2015 aka ɗora masa gargaɗi mai tsanani saboda mummunar alaji.

Ɗalibar Likitanci: Hajiya, ai ƙarfen da ke cikin ƙwayoyin bai kai ko kusa da na allurar ƙarancin jini ba.

Hajiya Famasi: Haka ne, 'yata. Amma an taɓa samun Feridex yana hana ƙwayoyin ɓargo rikiɗewa zuwa guringuntsi, don haka kowane sabon haɗi sai an gwada tasirinsa a kan ƙwayar.

Likitan Jijiya: Abin da ya fi damuna daban ne. A 2016 Gary Steinberg na Jami'ar Stanford ya ba da rahoton majiyyata 18 masu shanyewa da aka dasa wa wasu ƙwayoyin tushe da ake kira SB623, wasu suka samu sauƙi sosai, amma babban gwajin da ya biyo baya bai cimma burinsa ba a 2019. Iyalan da ke kawo mana tsoho a keken guragu suna jin labarin nan, suna tambaya ko su sayar da gona su tafi waje. Idan wani asibiti ya nuna musu baƙin tabo ya ce "ga ƙwayoyinku suna aiki", da me za su musa?

Mai Hoton MRI: Su tambaye shi yadda ya bambanta tabon da tsohon jini, su kuma nemi hoton da aka ɗauka kafin dashen.