Don Allah a ba ni shawara, wane kare ne ya dace da gadin gida mai ƙananan yara?

Uwar Biyu: Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule wlh. An haura gidan maƙwabtanmu da daddare, katangarmu ɗaya da su, an kwashe wayoyi da kwamfuta har an sari ɗansu a hannu. Maigidana aikinsa na tafiye-tafiye ne, daga ni sai yara biyu, babban shekara 6, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Gidan haya ne kuma tun shigarmu nake fama da mai gidan ya ƙara tsayin katangar baya, yau ya ce sai an sabunta haya, gobe ya ce ai waɗanda suka zauna kafin mu ba su taɓa ƙorafi ba, har ƙanin mijina ya same shi suka yi cacar baki, yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, matarsa kuwa ba a magana. Bacci ya gagare ni, ko mage ta taka rufin kwano sai gabana ya faɗi. Wani abokin ƙanin mijin nawa yana da kwikwiyon Boerboel, har na ba da kafin alƙalami. Ya dace ko Rottweiler ya fi? Sannan a ina mutum zai san gaskiyar yawan fashi a unguwa, don kowa da abin da yake faɗa.

Kawu Mai Karnuka: Allah ya tsare. Amma 'yata kin san abin da kika saya kuwa? Boerboel karen gonakin Afirka ta Kudu ne, namijin in ya cika girma yana wuce kilo 60, in ya fizgi sarƙa ke kaɗai ba za ki riƙe shi ba. Kuma kwikwiyo ba ya gadi, sai ya haura shekara ɗaya kafin ya fara zama abin tsoro, ke kuma yau kike neman bacci. Akwai kare mai haushi ya tashi mutanen gida, akwai kare mai kamawa, ke na farkon kike buƙata. Ɓarawo abin da ya tsana shi ne hayaniya da haske.

Maman Twins: Ni dai ba ruwana da kare. Na maƙwabcinmu ya tsinke ya ciji yarona a ƙafa, muka yi ta zaryar asibiti ana allura, mai karen ko sannu bai zo ya ce ba, wai yaron ne ya tsokane shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ki sa karafa a taga da sakata mai ƙarfi ki huta.

Uwar Biyu: Kawu na gode, amma mai karen ya ce uwar kwikwiyon tana da sanyin hali, yaransa ma hawanta suke yi. Kuma ai gara ya tashi tare da yarana ya saba da su. Maman Twins tagoginmu duk da karafa, na maƙwabtan ma akwai, ƙofar kicin aka ɓalle.

Kawu Mai Karnuka: Wane mai sayarwa ne zai ce karensa mugu ne? Je ki ga uwar da idonki, ki nemi katin rigakafi. Allurar farko a sati 6 zuwa 8 ake yi saboda cutar parvo, mai sa amai da gudawar jini, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ta haukan kare kuma a wata 3. Kada ki yi wasa da wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In dole sai babban kare to German Shepherd ya fi saurin ɗaukar horo, sai dai a duba ƙugunsa don suna yawan samun ciwon gaɓar ƙugu. Malinois kada ma ki fara, na sojoji da 'yan sanda ne, in bai samu aikin yi ba kujerunki zai yayyaga. Kuma ko wanne ne ba a barin shi da jaririya su biyu, ko na minti ɗaya.

Ɗan Sintiri: Duk wannan dogon turanci ne Kawu. Masu shigowa da makami nama mai guba suke jefowa ta katanga tun da yamma, kafin dare kare ya mutu. Haɗin kan maƙwabta shi ne magani, a ɗauki maigadi, kowane gida da usur. Mu a layinmu matsalar masu ƙin biyan kuɗin gadi ce, mutum da motoci a gida amma in an je karɓa sai a ce ba ya nan, ranar da aka shiga gidansa kuma shi zai fi kowa ihu.

Kawu Mai Karnuka: Ana koya wa kare kada ya ci komai sai daga kwanonsa, ni nawa ko me ka jefa ba za su kalla ba. Kuma wata jami'a a North Carolina ta Amurka ta tambayi ɓarayi fiye da 400 da ke gidan yari, kusan kashi 60 suka ce in sun ga gida da na'urar ƙararrawa gaba suke yi. Fitilar da ke kamawa in ta ga motsi, da jiniya, da ƙaramin kare mai baki, sun fi mata wannan ƙaton.

Malama: Maganar yawan fashi, ki tambaya a ofishin 'yan sanda mafi kusa, amma ki sani da yawa ba sa kai rahoto, don haka abin da ke rubuce bai kai abin da ya faru ba. Ki bambance sata da ake yi ba kowa a gida da fashi da makami, ba maganinsu ɗaya ba. Su na maƙwabtan naku bindiga suka zo da ita ko adda? Kuma mai gidan ya yarda ki ajiye kare? Tsakar gidan ma ya girmansa yake?

Uwar Biyu: Malama ban tambaye shi ba gsky, mutumin da ko gaisuwa ba ya amsawa. Kawu ƙaramin kare ai dariya za su yi masa, ni so nake in an leƙo ta get a ga abin da zai sa a koma. Kuma kuɗin da na bayar ba ya dawowa, maigida ma ya ce a ɗauko.

Maman Twins: To tunda kun gama yanke shawara me kike tambayarmu?

Kawu Mai Karnuka: Wa zai riƙa fita da shi safe da yamma in maigidan ya yi tafiya? Kare irin wannan in aka ɗaure shi a keji wuni guda shi yake zama mafaɗaci.

Uwar Biyu: Ƙanin mijina ya ce zai riƙa zuwa. Yanzu dai akwai wanda ya san mai horar da kare na kirki? Kuma wace fitila ce ba ta saurin mutuwa?